Gusau a Bakin Ruwa: Tarihin Garin da Sharuɗɗan Jawo Baƙi Zuwa Gusau, Tsafe da Bunguɗu

A duk lokacin da aka zauna domin tattauna hanyoyin da Jihar Zamfara za ta bi ta ƙara samun kuɗin shiga ba tare da dogaro kacokan ga kason da ke zuwa daga Abuja ba, akan fara ambatar noma da kiwo, a bi da ma'adinai, sannan can wajen tashi wani ya ɗaga hannu ya kawo batun yawon buɗe ido. Galibi akan yi murmushi a wuce, domin kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Sai dai mu a namu ganin batun ya cancanci a tsaya a kansa, musamman dangane da birnin Gusau da ƙananan hukumomin Tsafe da Bunguɗu da ke maƙwabtaka da shi, inda ruwa da dutse da tarihi suka haɗu a tazarar da mota za ta ci cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Abin da muke son dubawa shi ne abin da yankin yake da shi na haƙiƙa, da abin da ya hana a amfana da shi, da kuma nauyin da ya rataya a wuyan shugabannin ƙananan hukumomi, iyayenmu sarakuna, hakimai, dagatai da masu unguwanni, har ma da manomin da gonarsa ke bakin gulbi.

Gusau ba ta da tafki irin wanda Allah Ya tara da kansa. Abin da take da shi shi ne Gulbin Sakkwato, wanda ya samo tushe daga wajajen Funtuwa a Jihar Katsina, ya ratsa ta gefen Gusau, ya wuce Bunguɗu, ya faɗa tafkin Bakalori kusa da Talatar Mafara, kafin ya je ya haɗu da Gulbin Rima a ƙasar Sakkwato, daga can kuma ruwan ya gangara Kogin Kwara. Madatsar da aka gina a kan wannan gulbi daga saman gari domin samar wa jama'a ruwan sha ita ce ta tsayar da ruwan wuri ɗaya, ta mayar da Gusau gari mai bakin ruwa. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, saboda tafkin da mutum ya yi, mutum ne kuma zai riƙa kula da shi, kuma ranar da ya yi sakaci zai gani a ƙwaryar shansa. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Gusau tana da mutane sama da 380,000, Tsafe kimanin 266,000, Bunguɗu kuma kimanin 258,000. Daga wancan lokaci zuwa yau an hayayyafa, an kuma samu kwararowar dubban mutanen da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, kuma yawancin waɗanda suka sauka a Gusau ruwan wannan madatsa suke dubawa.

Kafin a yi Gusau, akwai 'Yandoto. Wanda duk yake son fahimtar dalilin da ya sa Sarkin Gusau yake amsa sunan Sarkin Katsinan Gusau, alhali yana zaune a tsakiyar Jihar Zamfara, dole ya koma can. Wannan yanki a da yana cikin ƙasar da ake kira Katsinar Laka, wato ɓangaren kudu maso yamma na tsohuwar daular Katsina, kuma 'Yandoto, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe a yau, ita ce fitacciyar alƙaryarsa. Tarihin baka na Katsina ya kawo cewa Muhammadu Korau, wanda ya kayar da Sanau a kokawa ya kafa sabon gidan sarauta a Katsina, mutumin 'Yandoto ne. Garin ya kasance zangon fatake a kan hanyar kasuwancin da ta haɗa ƙasar Hausa da ƙasashen yamma inda ake samo goro da zinariya, kuma inda fatake suka yada zango, malamai kan biyo baya. Da haka 'Yandoto ta zama cibiyar karatu wadda almajirai ke nufa daga nesa, tun shekaru masu yawa kafin jihadi. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya ba wannan gari matsayi na musamman a tarihin yankin baki ɗaya.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso a 1804, malaman 'Yandoto sun rabu gida biyu. Wasu sun karɓi kiran Shehu, wasu kuma, waɗanda su ne suka fi rinjaye a garin, suka ƙi, har ta kai waɗanda suka goyi bayan jihadin suka fice. A wajajen 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna, aka nemi sulhu bai yiwu ba, aka ci garin, malamansa suka watse. Har yau wannan al'amari yana cikin batutuwan da masana ke taƙaddama a kansu, domin yaƙi ne da aka yi da garin malamai, kuma zargin lalata littattafai yana cikin abubuwan da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya tuhumi masu jihadi da su a wasiƙun da suka yi musaya, Bello kuma ya musanta. Ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci tsakanin magabata. Abin da muke cewa shi ne, gari mai irin wannan labari dukiya ne ga duk jihar da ta mallake shi, kuma ɗaliban tarihi daga Zariya da Kano da Sakkwato, da ma jami'o'in ƙasashen waje, sun san sunan 'Yandoto fiye da yadda yawancin yaranmu na sakandare a Tsafe suka san shi.

Daga cikin malaman da suka bar 'Yandoto saboda goyon bayan Shehu akwai Malam Muhammadu Sambo Ɗan Ashafa, wanda shi ne ya kafa Gusau a shekarun jihadin, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar garin har yau. Ana danganta sunan garin da kalmar "gusa", saboda gusawar da jama'arsa suka yi daga inda suke zuwa sabon mazauni a bakin gulbi. Ita kuwa Tsafe, wadda Turawan mulki suka riƙa rubutawa Chafe, ta gaji sunan tsohuwar alƙaryar a sarautarta, shi ya sa ake kiran sarkinta 'Yandoton Tsafe. Ke nan garuruwan biyu rassa ne na bishiya ɗaya, kuma baƙon da aka nuna wa fadar Gusau ba a kai shi 'Yandoto ba, rabin labari aka ba shi.

A tsakanin Gusau da Tsafe, a kan babbar hanyar Funtuwa, akwai Kwatarkwashi, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu duk da cewa tana gabas da Gusau, ita kuma hedkwatar ƙaramar hukumar tana yamma, a kan hanyar Sakkwato. Matafiyi ba ya buƙatar a nuna masa dutsen Kwatarkwashi, domin tun daga nesa yake tsaye a gabansa, garin kuma yana kwance a gindinsa. Gari ne da ya girmi Gusau nesa ba kusa ba, dutsen ya zame wa mutanensa garkuwa a zamanin yaƙe-yaƙe, akwai ruwan da ke fitowa daga jikinsa, kuma dattawa suna ba da labarin bikin kamun maiki da aka san garin da shi a da, wanda aka bari bayan da Musulunci ya ƙara kafuwa. Marigayi Sarkin Kwatarkwashi, Alhaji Ahmad Umar, wanda ya rasu a watan Yunin 2022, ya shekara 61 a kan karaga, wato ya hau tun Nijeriya ba ta cika shekara ɗaya da samun mulkin kai ba. Mutum irin wannan idan ya tafi, yakan tafi da abubuwa da yawa waɗanda ba a rubuta ba, kuma wannan ya kamata ya zama gargaɗi ga sauran masarautunmu.

Gusau ta zamani kuwa jirgin ƙasa ne ya yi ta. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, kuma daga nan garin ya zama babbar mahaɗar cinikin auduga da gyaɗa da fatu a lardin Sakkwato. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, Kwarori suka zo, Yarbawa da Ibo da Nufawa suka cika Sabon Gari, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya kuma aka samu masaƙa da kamfanin matsar mai. Har Gusau ta kai matsayin da ake lissafa ta a gaban birnin Sakkwato ta fuskar ciniki da masana'antu. Wannan yana nuna cewa karɓar baƙo ba sabon abu ba ne ga Bagusaye, ya gaje shi. Yau masaƙar ta daɗe da yin shiru, jirgin ma haka, amma tsohuwar tashar da gine-ginen kantunan wancan zamani suna daga cikin abubuwan da ya dace a adana, domin su ne shaidar yadda garin ya tashi kafin ya zama hedkwatar jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996.

To sai batun ruwan kansa, kuma a nan ne ya kamata mu fi daɗewa. A ranar Asabar 30 ga Satumba, 2006, cikin watan azumin Ramadan, kuma kwana ɗaya kafin jihar ta cika shekara goma da kafuwa, madatsar Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai ƙarfi. Bayanan da aka fitar a lokacin sun nuna cewa ƙofofin da ya kamata a buɗe domin rage ruwan ba su yi aiki ba, sai ruwan ya fi ƙarfin ginin ya yi gaba. Rahotannin farko sun ce ana fargabar mutane kusan 40 sun rasa rayukansu, gidaje kimanin 500 sun rushe, mutanen Birnin Ruwa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, gada ta karye, garin kuma ya wayi gari babu ruwan famfo. Waɗanda suke Gusau a wancan lokaci ba su manta da yadda farashin jarkar ruwa ya tashi a hannun 'yan garuwa ba. Irin wannan masifa ba a kanmu aka fara ba, ba a kanmu aka ƙare ba. Madatsar Bagauda ta Jihar Kano ta ɓalle a watan Agustan 1988, ta Alau kuma ta sake ɓallewa a watan Satumban 2024 ta shanye babban ɓangare na birnin Maiduguri, shekara talatin cif bayan ambaliyar 1994. Abin lura a nan shi ne lokaci: duka a ƙarshen damina suka faru, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi, tafki ya cika, ruwan dare ɗaya kuma ya isa ya kai shi bakin gaɓa.

Akwai kuma wata barazanar da ba ta da ƙara irin ta ambaliya, wato cikewar tafkin da yashi da laka. Yadda abin yake shi ne, gulbi mai gudu yana ɗauke da ƙasar da ruwan sama ya wanko daga gonaki da kwazazzabai, da zarar ya iso madatsa gudunsa ya ragu, sai ya sauke kayansa a ƙasan tafkin. Kowace damina ana ƙara shimfiɗa. Sakamakon haka biyu ne, kuma dukansu marasa daɗi: da rani tafkin ba ya riƙe ruwan da zai kai gari zuwa faɗuwar ruwan sama, da damina kuma ba shi da cikin da zai haɗiye ambaliya. Mafi yawan wannan yashi daga sama yake zuwa, daga ƙasar Tsafe da kudancin Katsina, inda sare itatuwa domin gawayi da itacen girki, da noma har bakin gaɓar rafi, suka bar ƙasa tsirara. Saboda haka manomin da ke Tsafe yana da hannu a ruwan da ake sha a Tudun Wada ta Gusau ko da bai taɓa ganin madatsar ba. Yashe tafki aiki ne mai cin kuɗi wanda ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, amma barin 'yar tazara tsakanin kunya ta ƙarshe da bakin rafi, da shuka itatuwa ko gamba a wannan tazara, abu ne da dagaci da mai unguwa za su iya tsayawa a kai ba tare da jiran kwangila ba. Ba za a gayyaci baƙo ya zo kallon ruwa a garin da masu gida ke bin baro da jarka ba.

Haka kuma yana da kyau mu dubi abin da ya faru ga waɗanda suka riga mu gwada wannan hanya. A zamanin Gwamna Audu Bako, Jihar Kano ta gina madatsun ruwa da dama, ta kuma yi otal a bakin tafkin Bagauda, aka yi wani a Tiga. Sun yi tashe na ɗan lokaci, manyan ma'aikata da Turawan kamfanoni suna zuwa hutun ƙarshen mako. Da tattalin arziki ya juya, kulawa ta ragu, baƙin suka ɗauke ƙafa, daga ƙarshe harabar otal ɗin Bagauda ta koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Darasin da muka ɗauka shi ne, gina katafaren masauki da kuɗin gwamnati a jira baƙi daga nesa hanya ce mai saurin mutuwa, saboda gyara da albashi ba sa tsayawa ko da ɗakunan babu kowa. Duk shugaban ƙaramar hukumar da aka kawo wa takardar shawara irin wannan, ya fara tambaya wane ne zai kwana a ciki a watan Agusta.

Babban abin da ya tare hanya kowa ya san shi, kuma ɓoye shi a shafi irin wannan ba zai amfani kowa ba. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar jihar. A watan Satumban 2021 sai da aka rufe layukan waya a faɗin jihar, aka dakatar da kasuwannin mako, domin a toshe wa ɓarayin daji hanyoyin samun bayani da kayan masarufi. A cikin wannan watan ne aka sace Mai Martaba Sarkin Fulanin Bunguɗu, Alhaji Hassan Attahiru, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya shafe kimanin wata guda a hannunsu. A watan Afrilun 2023 aka kwashe mutane kimanin 80 a Wanzamai ta Ƙaramar Hukumar Tsafe, yawancinsu yara da mata da suka shiga daji neman itace, a watan Satumban wannan shekarar kuma aka shiga Sabon Gida aka ɗauki ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya. Gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara su sama da 2,600 a ƙarshen watan Janairun 2024 domin su tallafa wa sojoji da 'yan sanda. Amma ma'aunin da baƙo zai yi amfani da shi ɗaya ne: shin direbobin tashar Gusau suna yarda su ɗauki hanyar Tsafe zuwa Funtuwa bayan la'asar ba tare da fargaba ba? Ranar da amsar ta zama e, talla ta yi kanta.

Wannan ba dalili ba ne na naɗe hannu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a matsayinsa na yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2016, sai da ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba, kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020. Abin da ya sa ya iya dawowa shi ne, a duk tsawon shekarun nan Kabawa ba su bar Matan Fada ta lalace ba, Sarkin Ruwa yana nan da ikonsa, masunta ba su manta da homa da gora ba. Lokacin da babu baƙi shi ne lokacin gyaran gida. Idan muka jira sai tsaro ya dawo sannan mu fara tunanin ganuwar 'Yandoto da bakin madatsar Gusau, za mu tarar an yi bulo da ƙasar ganuwar, an kuma yanka bakin ruwan filaye an sayar.

Sannan mu tambayi kanmu, wane ne baƙon? A ganinmu kuskure ne a riƙa hango Bature da kyamara a wuya. Baƙon farko yana cikin gida. Shi ne magidancin Gusau da ke neman inda zai kai iyalinsa washegarin Sallah su sha iska, da malamin firamare ko na Islamiyya da ke son kai ɗalibansa su ga yadda ake tace ruwan da suke sha, da ɗalibin jami'ar da aka kafa a garin a 2013 wanda ke neman abin da zai rubuta kundin kammala karatu a kai, da ma'aikacin da aka turo taro daga wata jiha ya gama da azahar ba shi da wurin zuwa sai ɗakin otal. Bayan su sai matafiyan da ke bin hanyar Zariya zuwa Sakkwato, waɗanda dole su ratsa Tsafe da Kwatarkwashi da Gusau da Bunguɗu, kuma a halin yanzu ba abin da ke tsayar da su sai mai da salla. Irin waɗannan baƙi ba su buƙatar abu mai tsada. Inuwa suke so, da wurin zama, da makewayi mai tsabta na maza daban na mata daban, da wurin alwala da salla, da mai gadi, da wanda zai yi musu bayani. Kuɗin da za su kashe kuma kai tsaye zai shiga aljihun mai tsire, da mai soya kifi, da mai fura da nono, da ɗan acaɓa, da matar da ke saƙa faifai a cikin gida. Filin jirgin saman Gusau da aka ƙaddamar da aikinsa a 2024 zai iya kawo wani rukunin daga baya, amma ba a kansa za a fara gini ba.

Wasu kan ce tun da Zamfara ce jihar farko da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999, aka fara aiki da ita a watan Janairun 2000, to ba ta dace da harkar buɗe ido ba. Wannan magana ta ginu ne a kan zaton cewa shaƙatawa ba ta yiwuwa sai da giya da sharholiya. Iyalan da muka ambata a sama abin da zai sa su zo shi ne tabbacin cewa wurin yana da kamun kai, kuma malamanmu ne za su fi kowa taimakawa wajen tsara shi tun daga farko, maimakon a gina a buɗe sannan a zo ana jayayya.

Akwai wani batu da jami'ai suka fi yawan mantawa da shi, wato cewa bakin ruwa yana da masu shi. Akwai masu noman rani da ke fitar da albasa da tumatir da alayyafo da rake, akwai masunta, akwai makiyaya da ke da mashaya da burtalin da suka gada, akwai masu wanki da masu ɗibar yashi. Mu a Zamfara ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da ke faruwa idan aka taɓa ƙasar manomi ba tare da an gama magana da shi ba. An kammala madatsar Bakalori a 1978, tafkinta ya shanye gonaki da garuruwa, manoma suka yi ta kukan diyya da yadda aka sake rabon filaye, suka tare hanyoyin aikin, har a watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma aka yi asarar rayuka, wadda har yau ana saɓani kan adadinta tsakanin abin da hukuma ta faɗa da abin da mutanen yankin suka ƙirga. Wurin shaƙatawa a bakin madatsar Gusau ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da Bakalori, amma ƙa'idar ɗaya ce. A zauna da masu gonaki da Sarkin Ruwa da arɗo tun kafin a kafa turke, a rubuta yarjejeniya a gaban hakimi, wanda za a karɓi filinsa a biya shi kafin a shiga, kuma 'ya'yansu su zama na farko a duk aikin da wurin zai samar. Toshe wa dabbobi mashaya kuwa, a jihar da rikicin manoma da makiyaya ya zama tushen abin da muke ciki, ganganci ne da bai kamata ko a yi tunaninsa ba.

Idan har za a sa kwalekwale a ruwa domin ɗaukar masu kallo, to a tuna da Bagwai ta Jihar Kano, inda jirgin ruwa ya kife a tafkin Watari a ƙarshen watan Nuwamban 2021 da ɗaliban Islamiyya a ciki, a kuma tuna da Gummi a nan jiharmu, inda kwalekwalen da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu ya nutse a watan Satumban 2024, aka rasa mutane da dama. A irin waɗannan haɗurra abin da ake samu kusan kullum shi ne lodin da ya wuce ƙima da rashin rigar kariya. Dokar adadin fasinja da tilasta sanya rigar abu ne da Sarkin Ruwa zai iya aiwatarwa idan ƙaramar hukuma ta mara masa baya ta kuma sayi rigunan. Haka nan iyaye su sani cewa wanka a ruwan da ke kwance yana jawo tsargiya, cutar da ƙwayarta ke rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi ta shiga ta fatar mutum, kuma tun da daga wannan tafki ake ɗibar ruwan sha na gari, hana wanka da wankin mota da zubar da shara a kusa da inda ake jan ruwan wajibi ne ko da baƙo ko babu.

A ɓangaren tarihi kuwa, aikin da ya fi gaggawa shi ne wanda ya fi araha. Majalisun masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, tare da sassan ilimi na ƙananan hukumomin uku, za su iya zaɓar malaman makaranta biyu ko uku a kowace gunduma su zauna da dattawa da makaɗan fada da 'yan ma'abba su ɗauki bayaninsu a waya, a rubuta, a ajiye kwafi a fada da kuma jami'a. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya nuna da aikinsa na shekaru a kan makaɗan baka cewa abin da ke bakin mawaƙi da maroƙi tarihi ne mai zaman kansa idan aka samu mai tattarawa. Gidajen malamai da ke da tsofaffin littattafan hannu a cikin gafaka, a taimaka musu da ɗaukar hotonsu ba tare da an raba su da kayansu ba, domin tsoron kada a karɓe ne ke sa da yawa su ɓoye har gara ta cinye. A 'Yandoto da Kwatarkwashi, hakimai su sa a zagaya a shata iyakar kufai da maƙabartu da ragowar ganuwa, a sanar a masallatan Juma'a cewa ba a noma ko ɗibar ƙasa ko haƙa a cikinsu, kuma duk wanda ya tono tukunya ko wani tsohon abu a gonarsa ya kai wa dagaci maimakon ya sayar wa dillali. Masu fasa dutse domin tsakuwa su ma a nuna musu inda za su tsaya tun kafin su kai ga fuskar dutsen da ake gani daga hanya.

Game da madatsar kuma, abin da ya dace al'ummomin da ke ƙasa da ita su riƙa nema a kowace shekara, ta hannun kansilolinsu da hakimansu, shi ne a gwada buɗe ƙofofin da rufe su a gaban wakilansu kafin watan Yuni, a tabbatar akwai injin wuta na ko-ta-kwana da mai a cikinsa, a kuma ba masu unguwannin Birnin Ruwa da sauran unguwannin bakin gulbi har zuwa Bunguɗu lambar wayar jami'in da ke bakin aiki da dare a watannin Agusta da Satumba.